Kaka Selina da Ɓawon Mai Laima

Kaka Selina ta sauka Amurka a ƙarshen 1984 da akwati biyu. Na tufafi ya wuce lafiya. Ɗayan kuwa, mai cike da saiwoyi da sassaƙe da garin magani a ƙulle cikin tsumma, tarin shekara arba'in, a filin jirgi ya ƙare rayuwarsa. Wani jami'i mai jar fuska ya buɗe, ya shinshina, ya yi atishawar da ta kusa cire masa hula, ya ture akwatin gefe da ƙafa. Abin da ya tsira kawai ɗan ƙullin acca ne da ke cikin zannuwa, sai dunƙulen jar kanwa da ta cusa a takalmin zuwa coci.

'Yarta Pauline, wadda ta zo tarbarta, ta nuna kamar abin ya yi mata zafi. A ranta kuwa addu'a take yi Allah ya ƙara wa mutumin nan girma.

An haifi Selina a wani ƙauye bayan Bukuru, a shekarar da ita kanta ba ta sani ba. In ka tambaye ta sai ta ce shekarar fara. In ka ce wace farar, sai ta ce ka cika surutu. Tun tana budurwa ta yi dakon ƙasar kuza a kai, daga rami zuwa wurin wanki, har wuyanta ya koma kamar taɓarya. Magani kuwa a hannun gwaggonta ta koya, kuma ta yi suna da shi. Yaro ya yi shawara, a kawo wa Selina. Mai jego nono ya ƙi zuwa, a kira Selina. Ko a Zumuntar Mata, waɗanda suka fi kowa tsine wa maganin gargajiya a gaban fasto, su ne ke zagayowa ta bayan gida da yamma.

Karatunta a kan itatuwa gajere ne, kuma ba ta taɓa sauya shi ba. Ƙarfin itace yana cikin saiwa da ɓawo. Ganye na masu gaggawa ne. Fure kuwa na ƙudan zuma ne da 'yan mata masu kwalliya. Sannan magani in ya shiga ciki, dole ya koro ciwo waje, ko ta sama ko ta ƙasa. Wanda ka sha ka zauna lafiya lau, shayi ka sha.

Ta haifi bakwai, ta binne uku. Miji ya rasu, sauran 'ya'ya suka watse, Legas, Kaduna, ɗaya ko adireshinsa ba a sani ba. Ranar da ta kulle ɗakinta za ta taho, ba ta kai bakin titi ba ɗan ƙanin mijinta ya fara zuba dankali a ciki. Wato dai babu wani abu da ta bari a baya da ke jiran ta.

Gidan Pauline yana Fort Washington, a wani layi mai shiru da za ka rantse an yi wa mutanensa rasuwa. Pauline nas ce a wani asibiti. Mijinta Davou akanta ne, kullum sai ya tsallaka cikin Washington ya dawo da wuya a karye. Abin da ya sa aka ɗauko tsohuwa shi ne 'yarsu Irene, mai shekara uku, domin abin da gidan raino ke karɓa a wata ya isa a aurar da mutum biyu a Bukuru har a yi rawa.

Aka ba Selina ɗakin ƙasa, kusa da injin wanki. Kafin ta gama kwance zannuwanta Pauline ta sauko ta zauna a bakin gado.

"Mama, magana ɗaya ce. Nan ba gida ba ne. Yarinyar nan, kada ki ba ta komai da sunan magani. In wani abu ya faru hukuma za ta ƙwace ta, ni kuma a kore ni daga aiki."

"Da me zan ba ta? Ai ɗan'uwanki mai jar fuska ya kwashe."

"Na san ki, Mama. Ko a kan siminti aka ajiye ki sai kin tono saiwa. Ranar da na kama ki, ranar zan sayi tikiti."

Selina ta yi dariya. Pauline ba ta yi ba. Akwai wani suna a tsakaninsu da ba a faɗa: Gregory, ƙanin Pauline, wanda gudawa ta kashe yana ɗan shekara biyar, ana ɗura masa jiƙo, alhali asibitin mishan tafiyar ƙafa ne. Pauline tana nan a ɗakin ranar. Shi ya mayar da ita nas. Uwar ta sani, 'yar ta san ta sani, kowa ya rufe bakinsa.

Farkon zuwa Irene ihu take yi in tsohuwar ta matso. Ko kalmar Hausa ɗaya ba ta da ita. Selina kuwa Turancinta bai wuce "tankiyu" ba, shi ma a kan komai take amfani da shi, har in an taka ta. Amma tsohuwar da ta yi raino shekara arba'in ba ta buƙatar ƙamus. Ta ɗaure yarinyar a baya da zani tana zagaya falo da ita. Ta dama gwaten acca ta koya mata sha da hannu, har da lashe gwiwar yatsa. Kafin sanyi ya wuce, Irene ta fara tsayawa a saman matakala tana kwala kira:

"Kaka! Ina jin yunwa!"

"Na'am, uwar ɗakina! Ga baiwarki nan tafe, kada a kore ni."

Sunan ma gyara shi ta yi ya koma Ayirin. Da rana su biyu ne kaɗai a gidan, su ci tare, su yi faɗa, su shirya, su yi barci a tabarmar roba a gaban talabijin. Selina ba ta son ƙasar nan. Ba ta son sanyinta, ba ta son kajinta masu ɗanɗanon katifa, ba ta son maƙwabtan da ke ɗaga hannu daga nesa kamar masu korar ƙuda. Amma da za a ce ta zaɓa tsakanin Bukuru gaba ɗaya da ƙafafun nan biyu da ke dukan haƙarƙarinta in an yi goyo, ba za ta tsaya tunani ba.

Shi kuwa Davou, Allah ya yi shi da kunyar suruka irin ta mutanen da. Dogo ne, digirinsa biyu, amma in zai gaishe ta sai ya durƙusa har jakarsa ta taɓa ƙasa. Ba ya haɗa ido da ita. Ita ma ba ta kama sunansa, sai dai Baban Ayirin. Duk abin da ta ce, amsarsa ɗaya ce: "To, Mama." Da za ta ce masa rana daga cikin firij take fitowa, zai ce haka ne, Mama, shi ma ya lura.

Gidan da ke jikin nasu na wata tsohuwa ce baƙar Amurka, Misis Odessa, bazawara, 'yar asalin wani ƙauye a kudu. Ranar farko Selina ta gaishe ta da Hausa, shiru. Ta gwada Birom, shiru. Ta koma gida ta ce wa Pauline matar can girman kai gare ta, baƙa wuluk amma ta ƙi yarenta. Sai da aka yi mata bayani. Daga nan suka ƙulla abota ta hannu da kai da gira, irin wadda ba a taɓa yin gulma a cikinta ba, don babu hali.

A watan Yuni na 1985, Selina na goye da Irene ta hango Odessa ta gangara bayan gidaje da kwando da almakashi. Ta bi ta. Akwai wani ɗan rafi a wurin da ke malalawa zuwa babban kogi, a bakinsa kuma ga wasu itatuwa masu yawan rassa, tsayinsu ya ɗan fi mutum, sun yi fari fat da fure. Kowane kan fure ƙananan furanni ne birjik, sun baje kamar laima. Ƙamshinsa mai zaƙi ne, da ɗan wani abu a ƙarshe kamar inda mage ta kwana. Odessa na yanka tana jefawa a kwando. Ta ce sunansa elda. Selina ta ce ba ta da lokacin wannan, ta raɗa masa Mai Laima.

Wata shida da ɗoriya rabonta da ta taɓa itace da niyya.

Ranar Lahadi bayan coci ta ja Pauline zuwa bakin shinge ta ce sai ta yi musu tafinta. Pauline ta tsaya da jakarta a hammata, fuska a ɗaure, tana juyawa. Wai furen ake shanyawa a inuwa. Wai in mura ta kama mutum, ko zazzaɓi, a zuba masa tafasasshen ruwa a rufe, a sha da zafinsa da zuma, a lulluɓa, gumi zai karyo. Wai in ya huce ana wanke jan ido da shi, ana shafa wa ƙuraje. Wai kakar Odessa da shi ta raini 'ya'ya goma sha ɗaya.

"Tambaye ta saiwar fa? Da ɓawon?"

Da Odessa ta ji tambayar sai ta ɗaga hannu biyu tana girgiza kai. A nan ne Pauline ta fara jin daɗin aikin tafinta.

"Kin ji ko, Mama? Ta ce ganyen, da ɓawon, da saiwar, da ɗanyun 'ya'yan, duk ba a sha. Amai da gudawa suke sa wa, mai tsanani. Ta ce ko akuya ba ta bari ta ci. Kin ji da kyau?"

"Na ji."

Ta ji kuwa, babu abin da ya ɓace a hanya. Sai dai abin da Pauline ta faɗa don ta tsorata ta, shi ne ya faranta mata rai. Amai da gudawa! Ashe itacen nan namiji ne. Ashe mutanen ƙasar nan sun sami doki suna tsinkar gashin wutsiyarsa suna murna. Kafin furen ya kaɗe ta tsinko nata ta shanya a kan jarida a ƙarƙashin gado, ta kuma yagi bakin tsohon zani ta ɗaure a jikin itace mafi kauri, don ta gane shi in ganye ya zube.

Cikin Disamba Irene ta kwanta da mura, hanci a toshe, jiki zafi, tana kuka ƙasa-ƙasa. Pauline ta bar wani jan ruwa a kwalba da cokalinsa ta tafi aiki. Selina ta ba ta jan ruwan. Ta zauna ta kalli yarinyar. Ta tashi ta leƙa taga. Ta dawo. Can ta durƙusa ta jawo jaridar nan. Ai fure ne, ta ce wa kanta, ko matar can ta ce babu komai. Wannan ba magani ba ne, shayi ne.

Yarinya ta sha da zuma, ta yi sharkaf da gumi, ta yi barci, ta tashi tana neman gwate. Ko furen ne ko jan ruwan ne, wannan sai dai a tambayi murar. Da yamma uwar na shigowa, Irene ta ruga ta rungume ta, ta ce da Hausarta tsaf, wadda Kaka ta sha wahalar koya mata:

"Mami, Kaka ta ba ni shayin laima!"

Abin da ya biyo baya maƙwabta ma sun ji, su da ba sa jin komai. Pauline ta kwashe furen ta zuba a masai ta ja ruwa. Ta ɗauko littafin waya tana neman lambar masu sayar da tikiti. Davou ne ya tsaya a gabanta yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce a duba tsufa, a duba Kirsimeti, a duba yarinyar da ta warke. Har Odessa aka kira ta ba da shaida cewa furen ba ya cutarwa. Daga ƙarshe Pauline ta ajiye wayar.

"Saboda shi na bari, Mama. Ba don ke ba. Babu na biyu."

Selina ta koma ɗakin ƙasa ta zauna kusa da injin wanki. Abu ɗaya ta riƙe daga ranar: Baban Ayirin ya tsaya mata. Tun da mijinta ya mutu ba a sami namijin da ya tsaya mata ba.

A Fabrairun 1986 sai ga Davou shi ma ya kamu. Mura mai zazzaɓi, da tari irin mai fitowa daga tafin ƙafa. Ya sha ƙwayoyi farare, ya sha masu ruwan ɗorawa, ya ƙi hutawa don lokacin lissafin haraji ne a ofis. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Daga ɗakin ƙasa Selina na jin tarin yana saukowa ta cikin katako. Ta san irin wannan tarin. Majina ce ta yi gida a ƙirji, kuma a saninta ba a lallashinta, koro ta ake yi.

Ta auna maganar ta kowane gefe. An ce kada ta ba yarinya. Ba a ce kada ta ba ƙato mai gemu ba. Fure an zubar, kuma ko yana nan, me fure zai yi wa wannan? Mutum ya cece ta, ita kuma ta zauna tana jin yana mutuwa a saman kanta da magani a bayan gida?

Ranar Juma'a da hantsi ta sa rigar sanyin Davou a kan zani, ta ɗauki wuƙar kicin da ludayin ƙarfe, ta ja hannun Irene suka gangara rafi. Ƙanƙara ta rufe ko'ina, itatuwa duk sun zama tsirara iri ɗaya, amma tsumman zaninta na nan yana lilo. Ta gaishe da itacen kamar yadda gwaggonta ta koya mata, ta nemi izini. Ta sassaƙi ɓawo ta gabas da ta yamma. Ƙasa ta daskare kamar dutse, sai da ludayin ya lanƙwashe kafin ta samo 'yar saiwa kamar yatsa. Ta dawo ta daddaka, ta jiƙa a tukunya, ta fasa jar kanwar nan da ta tsallake jami'i mai jar fuska ta jefa, ta tura ƙarƙashin gado ya kwana.

Mai magani ba ya ba da abin da bai ɗanɗana ba. Da safe ta kurɓi cikin cokali. Ɗaci, da bauri, da wani wari mai tayar da zuciya. Ba a jima ba cikinta ya juya. Ta yi murmushi. Tun da ta zo ƙasar nan, wannan ne abu na farko da ya yi mata magana da yaren da take ji.

Asabar ce, Pauline na wurin aiki. Davou na kwance a doguwar kujera cikin bargo. Sai ga surukarsa ta hawo da babban kofi, riƙe da hannu biyu, ta rusuna.

"Baban Ayirin, ga ɗan abu. A daure a shanye."

Ya tashi zaune da sauri har bargon ya faɗi. Ya kalli kofin. Ruwan launin rafin damina ne, da 'yan ɓaraguzai suna yawo. Ya san ko mene ne, ai shi ma a ƙauye ya girma. Ya tuna fuskar matarsa. Ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ya ga tsohuwar na tsugune, hannunta duk ya farfashe da sanyi, yatsa ɗaya a ɗaure da tsumma inda wuƙa ta yanke ta.

"To, Mama."

Ya shanye tas, har ya ce an gode.

Ba a daɗe ba ya ruga banɗaki. Selina na tsaye a bakin ƙofa tana jin yadda abin ke fita, tana gyaɗa kai.

"Yawwa. Ya kama hanya. Sannu, Baban Ayirin, ciwon ne ke fita."

Da ya fito yana dafa bango, fuska kamar toka, ta tare shi da kofi na biyu, don a ƙa'idarta ba a barin ciwo rabi a ciki rabi a waje. Wannan bawan Allah, mai digiri biyu, wanda ke gyara wa Turawa lissafi, ya karɓa ya sha rabi kafin kofin ya suɓuce. Daga nan abin ya buɗe ta sama da ta ƙasa, babu tsayawa. Mutumin da zazzaɓi ya riga ya tsotse, ina ruwan da zai bayar? Wajen azahar ta ji wani ƙara kamar an yar da buhu. Ta tura ƙofa ta same shi a ƙasa tsakanin baho da masai, ido a juye.

Ta kira shi Baban Ayirin, shiru. Ta kira shi Davou, karo na farko a rayuwarta, shiru. Ga waya a bango, ba ta san inda ake dannawa ba, kuma ko ta sani me za ta ce, tankiyu? Ta saɓi Irene ta fita ba takalmi cikin ƙanƙara ta dinga dukan ƙofar Odessa da hannu biyu.

Odessa ta zo, ta ga mutum, ta ga tukunya, ta ɗaga ɓawon ta shinshina. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai kalli ƙawarta wani irin kallo, ta ɗauki waya. Da motar asibiti ta zo ta ƙulla ɓawon a leda ta miƙa musu. Asibitin da ya fi kusa kuwa, ai ka sani. A gaban abokan aikinta aka shigo wa Pauline da mijinta a kan gadon turawa, da ledar sassaƙe a kan ƙirjinsa.

Bai mutu ba. Aka yi masa ƙarin ruwa leda bayan leda, ya kwana biyu. Amma sai da wani likita ya ja Pauline gefe ya tambaye ta, cikin ladabin nan nasu mai yanka, wa ya ba shi, kuma akwai ƙaramin yaro a gidan?

Da ta dawo ba ta yi ihu ba. Ta sauko ɗakin ƙasa da farin takalminta ta tsaya.

"Kin ji abin da matar nan ta ce. Ni na juya miki da bakina."

"Na ji. Awo ne ya yi yawa. Da rabin kofi na..."

"Haka kika ce ranar Gregory."

Shekara ashirin da wani abu sunan nan na kwance, sai ga shi an tashe shi a ƙarƙashin ƙasa a wata ƙasa. Pauline ta juya ta hau.

Davou na dawowa, tun bai iya tsayuwa sosai ba, ya fara roƙo.

"Pauline, ni na sha. Ba ɗura mini aka yi ba. Laifina ne, da na ce a'a."

"To me ya hana ka?"

"Haba, Mama ce fa. Ta durƙusa."

"Shi ke nan ai, ka gama maganar. Kai da gemunka ka kasa ce mata a'a. Irene ce za ta iya?"

Shi da ya saba lissafi, ya ga wannan ya fita daidai.

Tikitin mayar da Selina gida mai sauƙin kuɗi sai Afrilu. Ranar Litinin aka mayar da Irene gidan raino, aka kuma ja mata kunne. Makonnin da suka rage Selina ta yi su ita kaɗai a gida, daga taga zuwa taga. Wata yamma ta dama gwate da ragowar accar ƙarshe, ta zauna a matakala tana jira. Da yarinyar ta shigo ta miƙa mata kwano.

"Uwar ɗakina, zo ki sha. Na sa miki yakuwa."

Irene ta matso, ta leƙa kwanon, har ta ɗaga hannu. Sai ta tsaya, ta mayar da hannun bayanta, ta waiwayi uwarta. Ta faɗi wata magana da Turanci.

"Me ta ce?"

Davou ne ya amsa, yana kallon takalminsa. "Wai an hana ta cin abin hannun Kaka."

Selina ta ce to. Ta zauna a wurin ta shanye gwaten da kanta, a hankali, har ya huce a hannunta.

Ranar tafiya Mai Laima ya fara fitar da ganye, fure da saura. Odessa ta fito da wata kwalba cike da busasshen fure daga nata ajiyar ta danƙa mata. Ta nuna furen ta gyaɗa kai, ta nuna wajen rafi ta girgiza kai, sannan ta rungume ta. Selina ta ce tankiyu, kuma wannan karon a wurinsa ya faɗa. Ta roƙi a bar ta ta goya Irene daga ƙofa zuwa mota. Pauline ta kau da kai, wato an yarda. Tafiyar ba ta fi taku kaɗan ba, amma tsohuwar ta bi ta bayan gida, ta zagaya shingen, ta tsaya gyara zani inda bai kwance ba. A filin jirgi babu wanda ya kula da kwalbar. Mai fita da kaya ba ya damun su.

A gida aka matsar da dankali gefe aka ba ta rabin ɗakinta. Mata suka fara zagayowa ta bayan gida kamar da. Ta ce ta bari. Suka ce Amurka ta sa mata girman kai, ta bar su a haka.

Kirsimetin 1988 aka aiko mata ta je ofishin waya a Jos, za a kira. Ta sa takalmin coci, ta yi layi tun safe. Davou ya gaishe ta, ta ji a muryarsa cewa a durƙushe yake. Pauline ta tambayi ƙafarta. Sannan aka ce ga Irene.

"Uwar ɗakina! Ayirin! Kin ci abinci?"

Layin ya yi ta shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Can wata 'yar murya ta ce halo, ta ƙara wasu kalmomi. Daga nesa ta ji Pauline na juya wa yarinyar tambayar da Turanci, tana kuma gaya mata abin da za ta ce. Yarinyar ta maimaita, harafi-harafi, kamar mai taka ƙaya:

"Na... ci."

"To madalla," in ji Selina. "A ci da yawa." Ta miƙa wa ma'aikacin wayar tun lokacinta bai ƙare ba.

Sanyin Jos ya bi ta gida a bayan a-kori-kura, ta kwanta da mura. Ranar ce ta fara buɗe kwalbar. Ƙamshin ya tsufa amma yana nan, har da magen. Ta zuba ruwan zafi ta rufe, ta sha, ta lulluɓa. Babu ɗaci, babu abin da ya fita ta sama ko ta ƙasa. Gumi ya zo, murar ta tafi abinta. Daga nan takan ɗan tsakura lokaci-lokaci, ko ba mura, ta zauna a bakin ƙofa da kofi tana kallon hanya.

Ta rasu a daminar 1989. Pauline ta zo jana'iza ita kaɗai, don makaranta ba ta yi hutu ba. Da ake share ɗakin, matar ɗan ƙanin mijin ta sami kwalbar a ƙarƙashin gado, saura kamar rabi. Ta buɗe, ta shinshina, ta tambaya ko akwai wanda ya san mene ne. Pauline na tsaye a bakin ƙofa, ta ce ba ta sani ba. Matar ta juye shi a bayan ɗaki, ta wanke kwalbar, ta zuba gishiri.